Na Yabi Kiɗan da Ban Saurara Ba

Jama'a, yau kara ta ja mini abin kunya a unguwarmu ta Sri Petaling!

Kun san maƙwabcina Azman, ɗan Malay ɗin nan da ke rataya mana tapau, wato ƙunshin abinci, a ƙofa tun da aka kulle gari saboda annoba. Shekaranjiya ya turo mini album na waƙoƙi, wani irin kiɗa wai shi symphonic metal, shi da abokansa suka yi. Ko buɗewa ban yi ba. Amma mai ba ka abinci ai ba ka yi masa shiru ba. Na tura masa murya: "Masha Allah, ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira!"

Yau da hantsi sai ga kiran Malam Sani, shugaban Islamiyyar da nake koyarwa ta Zoom. "Malam Bashir, yaushe ka shiga wannan harkar?"

Ashe Azman ya tara ra'ayoyin masu sauraro ya sa a shafinsu. Wani ya ce ganguna sun danne goge. Wata ta ce waƙar ta sa ta kuka. Na uku? Muryata, da hotona da hula!

Na kunna abin. Tir! Mace na ta tsala ihu, wani ƙato na gurnani kamar zai yi amai. Matata Maman Hanif ta fito daga kicin da ludayi: "Wa ake yankawa?"

Na sa takunkumi na buga masa ƙofa don ya cire muryata. Kafin in buɗe baki ya ce, har da 'lah' ɗin nan nasu na 'yan Malay, "Ustaz, kai kaɗai ka fahimce mu lah!"

Kun san me na ce? "Ba komai."

Yanzu haka ya jingina lasifikarsa da bangon ɗakina, wai don in ji da kyau.