Na Bar Inna A Hannun Maƙwabciya Na Tafi Kallon Dusar Ƙanƙara

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da huɗu, na gama karatun harhaɗa magunguna a Alƙahira, ina zaman jiran takarduna su fito. Ni ce auta a ɗakinmu, ni kaɗai kuma aka tura waje karatu, shi ya sa na tashi da ganin duk abin da raina ya so hakkina ne. Ina zaune a wani ɗan gida a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir, kuma kafin takardun su fito nakan raka marasa lafiyar da ke zuwa daga gida asibiti in yi musu tafinta. Iyayen mutane da yawa na riƙe wa hannu a ƙofar ɗakin tiyata, har ana yabona da haƙuri.

A farkon sanyin shekarar yayyena suka turo mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, don a yi mata aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun. Shekara uku ba ta zura zare a allura ba, ba ta karanta Alƙur'aninta ba, mutane ma da murya take gane su. Da muka je asibiti likita ya ce sukarinta ya hau, sai ya sauka za a taɓa idon. Haka muka yi mako shida a gida, ina auna mata abinci, ina kai ta banɗaki, ina lulluɓa ta da bargo biyu saboda sanyin tayil ɗin gidajen Masar da ke shiga har ƙashi. Idan na zauna kusa da ita takan shafa fuskata da tafin hannu, ta ce ranar da aka buɗe mata ido ba ta son ganin komai kafin ni, don rabonta da ganina sosai tun ina 'yar shekara ta biyu a jami'a.

Ina da wata ƙawa 'yar Nijar da muka yi karatu tare, gwaggonta na aure a birnin Vienna, can Turai. Gwaggon ta gayyace mu mu je mu yi hutun sabuwar shekara a wurinta. An taɓa hana ni bizar Turai, wannan karon kuwa aka ba ni, na yi ta buɗe fasfo ina kallo kamar yarinya da sabon takalmi. Na yanki tikiti da tunanin kafin lokacin an gama aikin Inna. Sai ga shi likita ya ce sukari ya sauka, ya sa ranar aikin ido na farko washegarin ranar tashina. Na roƙe shi ya matsar, ya ce sai dai ƙarshen wata mai zuwa, kuma babu tabbacin sukarin zai zauna yadda ake so. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. Amma na zauna na lallashi kaina cewa aikin minti ashirin ne, ba a ma sa mutum barci, kuma wa ya san ranar da za a sake ba ni biza.

Sai na yi wa Inna ƙarya. Na ce jami'a ta ce dole in je Iskandariyya a sa hannu a takarduna, kwana huɗu zan yi. A gidan da ke kallon namu akwai wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan mai sayar da turaren wuta, kowa Habboba yake ce mata, wato kaka. Tana jin Larabci, Hausarta kuma Inna na ganewa, sun riga sun saba. Ita na roƙa ta raka Inna, ita ma ƙaryar Iskandariyyar na yi mata. Da safen da zan tafi Inna ta lalubi akwatina ta ɗaga, ta tambaye ni me ya sa kayan kwana huɗu suka yi nauyi haka. Na ce littattafai ne. Ta cusa mini dabino da dambun nama a jaka, ta ce in riƙa sa safa, ta yi mini doguwar addu'a.

Ba zan ɓoye ba, ranar farko na ji daɗi. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, na tsaya a titi na buɗe hannu tana sauka a kan hijabina, ina dariya ni kaɗai. Gari ne mai tsafta, ko'ina fitilu, an kafa rumfunan katako ana sayar da kayan zaƙi da shayi mai zafi, tun ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Ranar aiki na kira ta murya kawai, Habboba ta ce an gama lafiya, Inna na hutawa. Na ce wa zuciyata ai ga shi nan, babu abin da ya lalace.

Washegari da hantsi, ranar ƙarshe ta shekara, muna lambun wata tsohuwar fada ƙawata na ɗaukata hoto, sai wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga Habboba. Nan take na tuna a safiyar ake cire bandeji. Na dubi kaina, ga ƙatuwar rigar sanyi, ga ƙanƙara fari fat a bayana har iyakar gani. Na kashe kiran. Ta sake kira, na sake kashewa. A na uku na rubuta mata cewa sabis ba shi da kyau. Jim kaɗan saƙon murya ya shigo, na kara a kunne, muryar Inna ce tana rawa saboda murna: “Auta, na ga hannuna. Na ga labulen ɗakinki, ashe kore ne. Saura ke.”

Na zauna a kan wani benci jiƙaƙƙe. Ƙawata ta yi ta tambayar abin da ya faru, na ce mu tafi gida kawai. Muka koma gidan gwaggonta, na cire rigar sanyin, na jingina da farin bango na kira bidiyo. Habboba ta ɗauka ta ce Inna ta ce a bari, ba za ta fara ganin 'yarta a cikin gilashin waya ba, za ta jira in dawo. Ranar duk garin ya fita bikin shiga sabuwar shekara, ni ko taga ban leƙa ba. Abin da ya ƙara mini azaba, ƙanƙarar da na bar uwata don in gani ita ce ta yi yawa har aka soke jirginmu. Kwana huɗu suka zama bakwai, kullum ina ƙirƙiro sabon dalili, kullum Inna na cewa babu komai, in kula da kaina.

Da na dawo, a matattakalar bene na tsaya na cire takardar filin jirgi daga hannun akwati. Na tarar da ita a baranda tana shan hantsi da baƙin tabarau. Ta cire shi a hankali, ta ce in matso. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ashe haka na koma kama da mahaifina, ga leɓena duk ya tsage. A nan na durƙusa na faɗa mata komai, ina kuka ina neman gafara. Ta bari sai da na gama, ta ce ido ne ya sami matsala, kunnenta lafiya lau yake, tun makonni take jin ina maganar biza da rigar sanyi a waya. Ta ce ba ta hana ni ba don ta san na gaji da jinya, kuma da na tambaye ta da bakina da ta sa mini albarka na tafi. Abu ɗaya ne ya dame ta, in ji ta, ba ta riƙe sunan garin ba, sai ta rasa inda za ta ambata a addu'a, ta koma cewa Allah Ya tsare mata auta duk inda take. Daga nan ta ce in kawo hotunan ta gani, tunda yanzu tana da idon gani. Ta ƙura wa ƙanƙarar ido ta ce wannan ai kamar an kifar da buhun garin tuwo ne, muka yi dariya hawaye na zuba.

Bayan mako uku aka yi aikin ɗaya idon, ni na raka ta. Da aka zo shiga da ita na riƙe hannunta, sai ta ƙanƙame nawa kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa sanin Inna na jin tsoron wani abu ba. Muna zaune a waje Habboba ta faɗa mini abin da Inna ta hana ta faɗa: a karon farko ta ƙi kwanciya a gadon aikin, tana ta kiran sunana, sai da aka ba ta ɗankwalina da ta ɓoye a jaka ta damƙe, sannan ta yarda.

Inna ta koma gida da idonta biyu, ta sauke Alƙur'ani da kanta, bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinSa. Ta yafe mini tun a barandar nan, na sani, amma yafiya ba ta mayar da ni ƙofar ɗakin tiyatar ba. Na gane cewa ba tafiyar ce babban laifina ba, raina ta na yi, na ɗauka don ba ta gani ba ta sani, kuma don ba ta koka ba ba ta jin tsoro.

'Yan uwana da ke karatu ko aiki a waje, idan iyayenku sun zo hannunku suna buƙatarku, ku zauna. Garuruwan nan suna nan, ana sake samun biza, ƙanƙara kuma kowace shekara sai ta sauka. Idan kuwa tafiyar ta zama dole, ku faɗi gaskiya ku nemi izini, za ku sha mamakin abin da uwa za ta iya ba ku da hannu biyu. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Inna a addu'a.