Filasta Mai Kunne

A unguwa Sista Soja ake ce mata, a bariki kuma Laftana. Ta daɗe a aikin jinya, har ta kai daga wari kawai tana iya gaya maka ko ciwo ya kama hanyar warkewa ko ya ɓaci. Amma ciwon da ya fi ci mata rai ba a asibitin bariki yake ba, yana diddigen mahaifiyarta na hagu.

Inna mai ciwon suga ce. Ƙusa ta soke ta a tsakar gida, abu kamar wasa ya zama gyambo. Likita bai ɓoye musu ba: muddin ana wankewa kullum ƙafar za ta tsira, in aka yi sakaci kuwa sai an yanke. Don haka kowace safiya, kafin Sista ta sa kaki, sai ta durƙusa gaban kujerar roba ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ta wanke da ruwan gishiri, ta tsane da auduga, ta sa magani, ta naɗe da bandeji. In ta zo liƙa filasta sai ta lanƙwasa bakinsa ta bar masa ɗan kunne, don gobe a kama a ja ba sai an yi ta kankara da farce ba. Inna kan ce, "Ke komai naki sai kin yi masa ado."

Ana nan sai umarni ya zo. Za a tura rundunarsu wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma, na watanni, kuma da ita a cikin masu kafa asibitin sansani. Soja ba ya cewa yana da uzuri. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, nan da nan ta shirya da wata abokiyar aikinta ta riƙa biyowa tana wankin ciwon. Yaya, babban wansu, yana ji ya yi tsalle ya dire.

"Bare? Muna raye bare zai taɓa ƙafar uwarmu? So kike duniya ta zage mu?"

"To ku zo in koya muku," in ji ta.

Ranar da ta sa kuwa gida ya cika maƙil, har ta ji daɗi a ranta. Ashe ba koyon wankin ciwo ya kawo su ba, sautu suka kawo. Sun ji an ce waje, shi ke nan, kallon kitse ake wa rogo. Matar Yaya tana son jakar hannu. Auta, ƙanwarsu, tana son waya mai ido uku. Yaya kuwa takalmi, na fata, irin wanda ba a samu a nan. Wallahi ko mutum ɗaya bai tambaye ta ko ana harbi a inda za ta ba. Ana ga yaƙi suna ga ƙura.

Ta danne zuciyarta, ta shimfiɗa kayan aiki a kan tire, ta ce kowa ya matso. Tana jan kunnen filasta, ciwo ya bayyana, sai ga Yaya da waya a kunne yana "Alo? Alo?" ya yi waje, wayar da babu wanda ya ji ƙararta. Matarsa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Auta ce ta yi ƙoƙari, ta toshe hanci da mayafi ta ɗauki bidiyo.

"Kar ki damu Anti, zan kalla. Ai ba wuya."

"Zo ki kama da hannunki."

"Gobe in sha Allahu."

Da asubar tafiya Sista ta yi wankin ƙarshe, ta jera kaya a kwali daidai hannun kujera. Inna ta dafa kanta ta ce, "Je ki, Allah ya tsare. Ƙafa ai tana nan inda kika bar ta."

Wajen da dangi ke mafarki ya zama fili ne mai taɓo, an zagaye shi da waya mai ƙaya da buhunan yashi. Tantuna, kwantena, janareto mai tari. Kanti ɗaya ne, sabulu da batir yake sayarwa. Kwanakin farko babu sabis sam. Sista da abokan aikinta suka yi ta haɗa gadaje, suna jan akwatunan magani, suna goge teburin tiyata. Marasa lafiyarta na farko ba harsashi ya kawo su ba, sabon takalmi ne ya yi musu bororo. Ga ƙato, soja guda, yana cije leɓe don an taɓa masa ɗan yatsa. Ta durƙusa ta wanke, ta naɗe, ta bar wa filasta kunne. Duk ƙafar da ta ɗora a cinyarta sai ranta ya ɓaci. Ga ta tana tattalin ƙafafun ’ya’yan wasu, ta uwarta tana hannun masu jiran tsaraba.

Sai da aka kusa mako aka ɗaga ƙarfen sabis. Tana sauka daga aiki ta laɓe bayan kwantenar magani ta kira Auta ta bidiyo. Auta ta miƙa wa Inna wayar ta yi gaba.

"Inna, ya ƙafa?"

"Lafiya lau. Kin rame. Ana ba ku abinci kuwa?"

"Ana wankewa?"

"Ana yi, ana yi."

"Sauke wayar in gani."

"Ke dai da naci."

"Inna, don Allah."

Hoton ya yi rawa, ya wuce zane, ya wuce gwiwa, ya tsaya. Bandejin ya yi baƙi, ruwan ciwo ya ɓullo ta diddige ya bushe ya sake ɓullowa, idon sawu ya kumbura yana sheƙi. A gefe ga filasta da ɗan kunnensa a lanƙwashe. Kaf gidan babu mai wannan lanƙwasa sai mutum ɗaya, ita kuwa tana nan tsaye cikin taɓo, teku tsakaninsu.

"Suna da hidima," in ji Inna a hankali. "Kar ki yi musu faɗa. Na gwada da kaina, hannuna ne bai kai ba."

Sista ta katse wayar, ta kira abokiyar aikin nan da aka kira bare, ta ce ta ɗauki mota yanzu ta kai Inna asibiti, duk wanda ya tare ƙofa ta bi ta kansa.

Tana ajiyewa saƙo ya shigo. Yaya ne, ya ga ta hau layi. "Ƙanwata an sauka lafiya? Kar ki manta takalmina, lamba arba'in da uku, baƙi."

Ta karanta rubutun. Sannan ta goge hannu a kaki ta rubuta masa amsa.

"Ban manta ba, Yaya. Na Inna fa, ƙafa biyu zan sayo ko ɗaya?"