Takardar Taba da Na Naɗa a Motar Kawuna

A shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Bakolori, ni saurayi ne mai rawar kai, ɗan wani ƙauye kusa da Kaya a ƙasar Maradun. Na samu aiki wajen ginin, aikin da bai wuce jan waya da riƙe wa masu haɗa wutar lantarki tsani ba. Amma in na dawo gida da hular kwano a ka da filaya a aljihun baya, sai ka rantse ni ke tayar wa Turawan da ke ginin injinansu. Abokai suka laƙaba mini injiniya da wasa, ni kuwa na karɓa da gaske. Yau da furfura ta cinye mini gemu nake rubuto muku wannan, don abin ya daɗe yana ci mini rai.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, mutum mai sanyin hali. Yana da wata tsohuwar akori-kura wadda da ita yake ci da gidansa, yana ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Motar ta tsufa, amma an san shi da tsantseni, har mata kan ce in ba motarsa ba ba su shiga. Da rediyon motar ya mutu, Kawu ya shiga damuwa, don lokacin kowa kunnensa na kan rediyo, ana son jin wane ƙauye ruwa zai ci, kuma yaushe za a tashi mutane. Ya samo wani rediyon mota na hannu wurin wani direba a Bakura, ya ce ranar kasuwa zai kai wa wani rewaya, mai gyaran wayar mota, a Talata Mafara ya haɗa masa. Nan na yi tsalle na dire. Na ce ai cin fuska ne, yana da ni a gida ya kai wa bare aikin waya biyu.

Da hantsi na shiga ƙarƙashin dashbod, mutanen unguwa sun kewaye motar suna kallo. Na cire tsohon, na zura sabuwar waya ta wani ramin ƙarfe mai kaifin baki, na murɗa mahaɗa na naɗe da salatif. Ina kunnawa fiyus ya ƙone. Na sa wani, shi ma ya tafi. Mai hankali a nan zai tsaya, don fiyus ba ya ƙonewa a banza, faɗa maka yake akwai inda waya ke taɓa ƙarfe. Ni kuwa abin da nake ji kawai idanun mutane a bayana. Na tuna wata dabara da na ga leburori na yi, na tsinci kwalin taba a ƙasa, na zare takardar nan mai ƙyalli ta ciki, na naɗe mataccen fiyus ɗin na mayar, na ɗan girgiza wayar. Sai ga rediyo ya kama, tangaran. Aka yi ta sa mini albarka. Kawu ya tambaye ni a hankali ko ya biya wurin rewayan ya ɗan duba, na ɓata fuska, shi kuma ya bar maganar don kada ya kunyata ni.

Bayan kamar mako uku aka fara kwashe wani ƙauye da ruwa ya doso. Wani magidanci ya ɗauki Kawu ya kai iyalinsa sabon matsuguni. Aka loda dammunan gero da dawa, da irin shuka, da tabarmi, duk abin da suka tsira da shi ke nan, aka sa tsohuwar gidan a gaba. Da rana tsaka, a kan hanya mai gargada, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin dashbod. Kafin a ce kwabo wuta ta kama gaban motar. Ƙofar tsohuwar ta ƙi buɗuwa, Kawu ya zura hannuwansa cikin wutar ya jawo ta. Ta tsira, alhamdulillahi, babu wanda ya mutu. Amma motar ta ƙone ƙurmus da hatsin mutanen nan, hannuwan Kawu kuma suka saɓule.

Wallahi ina jin labarin na san aikina ne. Sai dai magana ta bi wata hanya. Direbobin lokacin kan ajiye jarkar fetur a mota saboda nisan gidan mai, sai aka ce Kawu ya ajiye tasa a gaba, kusa da ƙafar tsohuwa. Magidancin nan ya yi ta yawo yana cewa gangancin direba ya raba shi da abincin shekara. Mutumin da aka sani da tsantseni ya koma abin nuni. Ni kuwa ina zaune a majalisa ana wannan zance, in gyaɗa kai in ce ƙaddara ce. Na je asibiti na yi masa sannu, na kasa kallon hannuwansa. Da ya warke yatsunsa sun ƙanƙance, ba sitiyari ba, ko fartanya da ƙyar yake riƙewa. Bai sake tuƙi ba.

Na bar garin, na yi aure, na haifi 'ya'ya, abin na nan a ƙirjina kamar ƙaya. Sai da aka aiko mini Kawu yana jinya na je, na durƙusa gabansa na faɗa masa komai, har takardar tabar.  Sai ya ce ai ya sani. Ashe tun lokacin da aka jawo gawar motar Talata Mafara, rewayan nan ya duba ya nuna masa inda wayar ta narke a bakin ramin ƙarfen. Ya ce ya yi shiru ne don in ya faɗa, ƙanwarsa ce za ta kasa fita cikin mata, ni kuma babu mai ba ni aure a ƙauyen. Mota da hannuwa, ya ce, tuni ya bar wa Allah. Abin da ya hana shi barci shi ne labarin da aka kai masa cewa ina zaune ana zaginsa ina gyaɗa kai. Ya ce duk sallar da na zo gaishe shi, yakan zaci ranar ce zan faɗa. Ya yafe mini, na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Bayan addu'ar uku na tashi gaban jama'a na faɗi gaskiya, amma wanda ya fi kowa cancantar jin an wanke shi yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na yarda. Ga masu taɓa wayar mota, in fiyus ya ƙone a nemi dalili, kada a toshe masa baki, kuma ba abin kunya ba ne ka ce ban iya ba. Ga kowa kuma, in kuskurenka ya faɗa kan wani, ka buɗe baki a ranar, tun yana da sauran mutuncin da za ka ceto masa. Ni ina da baki, ina da dama, na bar kawuna ya shekara goma sha ɗaya yana amsa sunan mai ganganci.