Gwiwar Liman

Shekarar da aka mayar da ni ɗakin masu karaya, babban likitan ƙashinmu ya tsiri wani bincike. Yana so ya san yadda mutanen da aka yi wa aikin karayar cinya, aka sa musu ƙarfe, suke komawa harkokinsu bayan an sallame su. Shi ke yanka da ɗinki, ni kuma nas ne, aikina in bi su da tambayoyi bayan sati shida, da wata uku, da wata shida. Ya ce ya zaɓe ni ne don rubutuna yana karantuwa. Ni kuwa na sa wa raina ilimina ya hango, har na sayi sabuwar jaka ta zuba takardu. Kullum da safe haka zan fito daga gidanmu a unguwar Takur cikin Dutse ina rungume da ita, ina amsa gaisuwar maƙwabta da ka.

Takardar tambayoyin daga ƙasar waje ta samo asali, mu muka mayar da ita Hausa. Tana tambayar ko mutum yana iya hawa bene, ko yana iya zaman awa guda a kujera, ko yana iya sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalmi. Kowace amsa da makinta. Manomin da ya zo daga ƙauyukan Garki, wanda bai taɓa taka bene ba, sai in ja shi zuwa matakalar ofishin akawu, ya hau ya sauko yana dariya, in rubuta. Takalmi mai igiya kuwa nawa nake tuɓewa in ba su aro. A lokacin ko kaɗan ban ga abin dariya a ciki ba, ni dai burina kada gurbi ya zauna babu komai.

A cikin majinyatanmu akwai wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Jahun, kowa Malam yake ce masa. Yana da makarantar allo, kuma shi ne limamin masallacin unguwarsu tun kafin a haife ni. Babur ne ya kayar da shi a hanyar dawowa daga ɗaurin aure, ƙaninsa ya kawo shi. Ranar da na karanta masa bayanin binciken, na gaya masa yana da ikon ya ƙi kuma ba za a rage masa kulawa ba, ya karɓi biro ya sa hannu da ajami. Sannan ya ce shi abu ɗaya yake so ya sani: zai koma gaban sahu? Domin wanda yake sallah a kujera ba ya jan masu tsayuwa da sujada. Na ce masa in sha Allahu, irin wadda muke ce wa kowa. Na duba takarda, babu gurbin wannan magana, na wuce tambaya ta gaba.

Aikin ya yi kyau ƙwarai. Hoton ƙashin Malam har ɗalibai Likita yake nuna wa, yana bin layin ƙarfen da yatsa, bakinsa har kunne. Da Malam ya dawo a sati na shida da sanda ya zo, a wata na uku kuwa ko sandar babu. Ya hau matakala, ya zauna a kujera, ya ɗaure takalmina ɗaurin da ni kaina ban iya ba. Duk tambayar da na yi masa sai ya ce alhamdulillahi, Likita ya yi ƙoƙari, Allah ya saka. Makinsa ya fi na kowa. Na riƙa ba da labarinsa a ɗakin shan shayi kamar ni na haɗa ƙashin.

A wata na shida bai zo ba. Na kira lambar ƙaninsa, ba ta shiga. Raina ya ɓaci, domin mutumin da na fi taƙama da shi ne zai bar mini rami a takarda. Ranar Asabar na ɗauki jakata na shiga motar haya zuwa Jahun, daga nan a-daidaita-sahu ya kai ni ƙauyen ta tsakanin gonakin gero. Duk hanya ina shirya ɗan faɗan da zan yi cikin ladabi.

Na isa ana tayar da sallar la'asar, na yi alwala a gurguje na shiga sahun baya. Muryar da ta yi kabbara ba ta Malam ba ce, ta ƙaninsa ce. Malam yana can ƙarshen sahun farko, jikin bango, a kan farar kujerar roba. Da aka tafi sujada kowa ya kai goshinsa ƙasa, shi kuwa sai ya ɗan rusuna daga zaune. Faɗan da na shiryo tun daga Dutse ya bi iska.

Bayan sallama Malam ya ja ni zauren gidansa, aka kawo fura. Na ciro 'yar rular nan mai hannu biyu da muke auna lanƙwasar gwiwa, na gwada. Gwiwar tana lanƙwasa daidai zaman kujera, daga nan ta cije, ba ta kaiwa inda mutum zai durƙusa ya zauna a kan ƙafarsa ya yi tahiya. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mana.

"Ɗana, kun tambaye ni bene, na hau muku bene," in ji shi. "Kun tambaye ni takalmi, na ɗaure muku takalmi. Mutumin da ya tsaya a kaina rabin yini yana haɗa mini ƙashi, da wane baki zan ce masa aikinsa da saura?"

Ya ce abin da ya hana shi dawowa kuwa, ya gaji ne da a riƙa yi masa barka da warkewa alhali shi ya san inda yake zama a masallaci. Kunya ta kama ni sosai, har na rasa inda zan ajiye idona. Ƙaninsa ne ya cece ni, ya ce don Allah mu taimaka mu gyara gwiwar nan, shi limanci ya ishe shi, ko gona ba ya zuwa cikin natsuwa. Malam ya ce ai jama'a sun fi son ƙanin, tunda surorinsa gajeru ne. Muka yi dariya mu uku, amma na lura tasa ba ta daɗe ba.

Ranar Litinin na sami Likita na zayyana masa komai, ina jiran ya hau ni da faɗa. Sai ya ce shi ma sau biyar yake durƙusawa a kan gwiwarsa kowace rana, amma bai taɓa tunanin ya tambayi majinyaci ba. A ranar ya rubuta wa kwamitin da ke kula da ƙa'idojin bincike yana neman izinin ƙara tambayoyi: sujada, zaman tahiya, tsugunno, duƙawa da fartanya. Da izini ya fito muka sake kiran waɗanda muka riga muka rubuta sun warke, sai ga magana tana ta fitowa. Wata baiwar Allah ta ce rabonta da tsugunno a gaban murhu tun kafin aiki, a tsaye take tuƙa tuwo kamar mai dambe da tukunya.

Malam kuwa Likita ya duba shi ya ce ƙashi lafiya lau, naman cinyar ne ya ɗaure saboda doguwar kwanciya. Ya tura shi sashen gashin ƙashi, ya kuma gaya masa gaskiya cewa da shekarunsa ba ya yi masa alkawari. Mai gashin wani ƙato ne mai fara'a. Sau biyu a sati zai kama ƙafar Malam yana tanƙwarawa a hankali, Malam yana gumi yana karatu ƙasa-ƙasa. Mai gashin ya ce shi ba ya buƙatar rula, da zarar karatun ya fara sauri ya san an kai iyaka. Ni kuma na zama mai leƙe, kowane zuwa sai na auna, wani satin a ɗan samu ƙari, wani satin ta tsaya cik. Har aka yi girbi muna wannan fama.

Wata Laraba sallar azahar ta same shi a asibiti. Limamin masallacinmu na asibiti ya yi tafiya, jama'a suka waiga suka ga dattijo mai rawani da furfura, suka ce Malam bismillah. A ɗakin gashi ya taɓa zaman tahiya, amma a kan katifa, kuma da mai riƙe shi. Na buɗe baki zan ba da uzuri a madadinsa, kafin in yi magana ya riga ya taka zuwa gaba.

Na tsaya daidai bayansa. Ya yi ruku'u, ya ɗago, ya tafi ƙasa a hankali, hannu ya riga gwiwa. Goshinsa ya taɓa tabarma. Ya ɗago ya zauna a kan ƙafarsa ta hagu, wadda aka yi wa aikin, na ji numfashinsa ya ɗan sarƙe, sannan ya daidaita. Haka ya kai mu raka'a huɗu. Da ya yi sallama ya daɗe bai juyo ba, na ga yana share fuska da gefen rawani. Ni ma idona ya cika, farin ciki ya rufe ni.

Da ya juyo, ni ya fara nema.

"Ɗana, je ka rubuta a takardarka ta lanƙwasa," in ji shi. "Amma kafin nan tashi ka sake sallarka, don na san tun daga kabbara hankalinka yana kan gwiwata."

Jama'a suka yi ta dariya. Ban yi musu ba, na koma gefe na tayar da sabuwa.