Ɗangon da Na Sa Malam Haladu Ya Cire

Ranar Talata da hantsi ina aji ina rubutu a allo, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban saba ɗaukar waya a gaban ɗalibai ba, amma da na ga sunan Alhaji Garba tela sai na san ba lafiya ba, domin tunda ya sayi waya bai taɓa kirana ba, filashin kawai yake yi ya jira. Na fito baranda na ɗauka. Ya ce, "Malam Sabi'u, sai haƙuri. Malam Haladu mai banda ya rasu da asubar nan a Katagum." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe tsaye da alli a hannu. Kuma gara in faɗi gaskiya tun daga farko: ba fuskarsa ce ta fara zuwa mini ba. Aljihun gaban rigarsa na tuna, da wata takarda a ninke da take leƙowa daga ciki.

Ga wanda bai san mu ba, mu wasu mutane ne da ba mu kai goma sha biyar ba, masu sha'awar rubuta waƙa, muke haɗuwa duk ranar kasuwar Azare bayan la'asar a ƙofar shagon Alhaji Garba. Akwai malaman makaranta irina, akwai ma'aikacin asibiti, akwai mai sayar da taki, akwai ɗan acaɓa. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi, benci biyu ne da tabarma. Kowa ya zo da abin da ya rubuta ya rera, sauran su faɗi abin da suka gani. Malam Haladu ya girme mu duka. Daga Katagum yake kawo bandar kifi kasuwa, in ya sayar ya wanke hannu ya zo ya zauna a ƙarshen benci. Muna tsokanarsa cewa ƙamshin banda ne yake yi mana sallama kafin shi, shi kuma ya ce ai gara shi, ana jin zuwansa, wasunmu har su gama waƙa ba a san sun zo ba.

Shi ya kawo mana al'adar da muka ginu a kanta. In mutum yana rerawa, Malam Haladu yakan rufe ido, ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Can sai ka ji ya ɗaga yatsa ya ce, "Maimaita." Dole mai waƙa ya tsaya ya sake rera wannan ɗango, wato layin da ya burge shi. Shekara bakwai muna zama, ban taɓa ganin wanda ya tashi daga gabansa bai samu "maimaita" ko sau ɗaya ba. Na taɓa tambayarsa ko ba ya ganin yana lalata mana mutane da yabo. Ya ce, "Malam, kowace waƙa akwai layi ɗaya da mai ita ya ajiye alƙalami ya yi shiru bayan ya rubuta. Shi nake nema. In na same shi, sauran aikinku ne na masu ilmi."

Kada a ɗauka ba ya gyara. Yana yi, sai dai ba a kan benci ba. In an tashi zai ce, "Zo ka raka ni tasha, kada motar ƙarshe ta bar ni." A hanya ne, tsakanin masu tura baro da masu mangwaro, zai gaya maka baitin nan na uku ba ka faɗi gaskiya a ciki ba, na biyar kuma ka ce abu ɗaya sau biyu. Ya kan ce shi kifi ya sani, ba a juya shi a kan wuta tun bai kama jikinsa ba, in ba haka ba dagargajewa yake yi.

Ranar da Nasiru ɗan acaɓa ya fara zuwa, da waƙa mai baiti arba'in ya zo, duk a kan babur ɗinsa, ga shi da in'ina. Tun a baiti na goma wasu suka fara taɓa juna, ni ma na juyar da kai ina danne dariya. Da ya zo wurin da yake cewa ruwan sama yana dukansa a ƙirji yana kare fasinjan da ke bayansa, sai yatsan nan ya tashi. "Maimaita." Nasiru ya ɗago yana duba ko ba'a ake yi masa. Malam Haladu ya ce, "Da kai nake, ɗana. Maimaita." Yau a cikinmu babu wanda ya kai Nasiru iya waƙa, har da ni mai takardar shaida. Ni kaina da na zo Azare baƙo, ban san kowa ba sai hedimasta, "maimaita" ɗin mutumin nan ce ta sa na ji garin ya karɓe ni.

Duk tsawon wannan lokaci shi bai taɓa rera tasa ba. In mun matsa masa sai ya ce shi kunne ne, ba baki ba. Sai shekara biyu da suka wuce, bayan rasuwar matarsa da wata huɗu, ya zo ya zauna, ya bari kowa ya gama, sannan ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Yau ni ma na zo da 'yar tawa, in za ku yi haƙuri da ni." Da ajami ya rubuta ta.

A ranar muna da baƙo, wani malami daga kwaleji da ni na gayyato. Ba a daɗe da naɗa ni shugaban zaman ba, kuma ina so baƙon nan ya koma ya ce a ƙofar shagon tela ma akwai wanda ya san ƙa'idar waƙa. Wannan shi ne abin da ke raina, ba wani abu ba. Malam Haladu ya rera baiti tara a kan matarsa, wadda shekara talatin ita take tsare masa wutar banda. A baiti na shida ya ce:

Na hura wuta a murhunki da safe,
Hayaƙi ya tashi yana nemanki ɗaki-ɗaki.

Na ji abin ya sauka mini har ciki. Bakina ya buɗe zai ce maimaita. Sai na dubi baƙo na ga fuskarsa ba ta nuna komai ba, na haɗiye. Sauran kuma ni suke kallo, tunda mai cewa maimaita yau shi ne a tsaye. Haka ya kai ƙarshe, babu yatsa ko ɗaya da ya tashi.

Da ma a nan na tsaya. Amma sai na gyara zama na yi jawabi. Na ce waƙar tana da niyya mai kyau, sai dai karinta ya karye a wurare da dama. Na ɗauko baitin nan na shida, shi ɗin dai, na ƙirga gaɓoɓinsa da yatsu a gaban jama'a, na nuna ɗango na biyu ya fi ɗan'uwansa tsawo, amsa-amonsa kuma bai bi na sauran ba. Na ce da ni ne, cire shi zan yi. Baƙo ya gyaɗa kai, ni kuma na ji daɗi. Allah ya sani, na ji daɗi. Malam Haladu ya saurara har na gama, ya ninke takardarsa sau huɗu ya mayar aljihu, ya ce, "Na gode, Malam. Ai shi ya sa muke zuwa." Ranar bai ce kowa ya raka shi tasha ba.

Mako na gaba ya zo kamar kullum, ya rufe ido, ya ɗaga yatsa. Ni ma da na rera tawa ya ce mini maimaita, har sau biyu, na maimaita ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗangon nan kuwa ya bi ni gida ya zauna. In matata ta hura gawayi na ga hayaƙi ya shiga falo, shi nake tunawa. Na rera shi a kan babur, na rera shi a wurin alwala. Waƙoƙina da na rubuta da hannuna ba na iya kawo su da ka, amma wannan ko harafi bai ɓace mini ba. Shekara biyu ina ɗauke da shi, mai shi yana zaune a ƙarshen benci taku uku daga inda nake, ban taɓa buɗe baki na gaya masa ba.

Sau biyu ya ba ni dama. Na farko da damina, an tashi, ya dafa aljihunsa ya ce, "Malam, in kana da sarari, akwai ɗan abin da nake so ka duba mini." Na ce ina da taron iyayen yara, sai mako mai zuwa. Na biyu watanni uku kafin rasuwarsa, ya riga ya fara ramewa, ya ce, "Ko ka raka ni tasha yau?" Na ce babur ɗina yana wurin bakanike, ana jirana. Taron gaskiya ne, bakanike ma gaskiya ne, amma ba su suka hana ni ba. Na san abin da ke cikin aljihun, na kuma san in na karɓa dole in ce, "Malam Haladu, ranar nan na zalunce ka don in burge baƙo." Wannan maganar ce ta yi mini nauyi. Shi da yake cewa gyara ba ya gudu, gobe ma yana nan, mutum ne yake gudu. Na sha jin wannan daga bakinsa, na ɗauka da sababbin zuwa yake.

Ba mu samu jana'iza ba. Kafin motarmu ta isa Katagum an riga an kai shi. Muka zauna a ƙofar gida muka yi gaisuwa, ni da Alhaji Garba da Nasiru. Muna shirin tashi aka ce babbar 'yarsa Hajara tana son ganin Malam Sabi'u a zaure. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo mini wata leda. Takardu ne a ciki, guda bakwai, duk waƙar nan ce, an rubuta da boko.

Ta ce, "Ni nake kwafe masa, Malam, don ya ce kai boko ka fi sabawa da shi. In ya gyara da ajami sai ya aiko a kira ni daga gidana in mayar. Ta sama ita ce ta ƙarshe, ita yake yawo da ita a aljihu. Ya ce kai kaɗai za ka duba."

Na buɗe ta saman, wadda ninkinta ya kusa tsagewa. Kari ya zauna daram, amsa-amo ya bi daga farko har ƙarshe, babu inda zan sa jan biro. Na nemi baiti na shida. Ga abin da na tarar:

Ina tuna ki safe da maraice,
Allah ya sa a rahama kike kwance.

Babu murhu, babu hayaƙi. Hajara ta ce, "Malam, ta gyaru kuwa? Kullum abin da yake tambaya ke nan."

Sai na rera mata baitin nan na asali. Ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Wallahi wannan na fi so. Har gardama na yi da shi a kansa, don haka gidan nan ya zama bayan Inna. Sai ya ce in yi shiru, Malam ya fi mu sani." Ba ta faɗa da zargi ba. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na gaya mata komai, har zancen baƙon. Na roƙe ta ta ɗauki biro ta mayar da baitin inda yake, da hannunta, domin nawa hannun ya yi ɓarnar da ta isa a waƙar nan. Ta rubuta shi a gefen takardar, a tsaye, tunda babu wuri.

Ranar kasuwar da ta biyo baya muka zauna, babu wanda ya taɓa ƙarshen bencin. Na miƙe na faɗa wa jama'a abin da na yi, duk da yawancinsu suna wurin ranar, sannan na rera waƙar Malam Haladu yadda ya fara kawo ta. Da na zo baiti na shida, Nasiru ya ɗaga yatsa. In'inar ta riƙe shi, ya yi ta fama, muka jira shi, har kalmar ta fito. Na maimaita. Alhaji Garba ya ce a sake, na sake. Sau huɗu aka sa ni na rera ɗangon nan a yammacin, kuma wanda ya kamata ya ji ko sau ɗaya yana kwance a Katagum.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya yi ta neman abu mai kyau ɗaya a aikin kowa ya ɗaga shi sama, ka dubi kyawawan ayyukansa ka rufe sauran. Ka sada shi da matarsa cikin rahamarka, ya daina nemanta ɗaki-ɗaki. Ka ba Hajara da ƙannenta da dukan dangi haƙurin wannan rashi, ka albarkaci abin da ya bari, ka tsare musu zumuncinsu. Ni kuma, wanda duk ya karanta wannan, in ya gama yi wa Malam Haladu addu'a, ya sa ni a ciki. Kalma ɗaya ya cancanta daga bakina, na riƙe ta shekara biyu har ya tafi bai ji ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. Amin.