Tanimun Mai Liƙin Roba da Faifan Turawa

Duk wanda bokitinsa ya tsage a Birnin Konni, in ya tambaya, wurin Tanimun za a tura shi. Rumfarsa tana bayan masu gwanjo, ba komai cikinta sai murhun gawayi da ƙarafa uku masu faɗin baki da tarin fasassun robobi. Mutumin Bazaga ne. Ya taso yana noman gero da wake kamar kowa, har shekarar da amalanken jaki ya kife da shi ya bar masa ɗingishi. Daga nan ya shigo gari ya koyi liƙi, yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Roba kuwa ya san ta ciki da waje. Yakan lanƙwasa ta, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗan gatsa, sannan ya faɗa maka ko za ta karɓi wuta. Kullum maganarsa ɗaya ce, tsohuwar roba ta fi ta yanzu.

Wata ranar kasuwa maƙwabcinsa Badamasi, mai sayar da takalman gwanjo, ya kwance dila ya tarar da wata jaka a tsakiya. Cikinta fayafayan roba ne goma sha huɗu masu kaurin baki, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa da fari, da rubutun Turawa a kansu.

"Malam Tanimun, mi ne ne wanga?"

Tanimun ya juya ɗaya a hannu. "Murfi ne."

"Murfi ba mariƙi?"

"To faranti ne."

"Wa zai ci tuwo cikin wanga?"

Da suka rasa gane kansa, Badamasi ya bar masa duka. Tanimun ya kai wa matarsa Ladi biyu, ta rufe tulu da ɗaya, ta zuba wa 'yan tsaki ruwa a ɗaya. Sauran ya fara sa musu wuƙa. Cikinsu akwai farare huɗu, tsofaffi, duk sun ƙuje. Tun da yake bai taɓa riƙe roba irin tasu ba. Taushi kamar jemammiyar fata, in ƙarfe ya taɓa ta sai ta narke lumui ba hayaƙi, in ta kama kuwa ta kama ke nan. Ya yanka uku ya liƙe jarkokin masu lambun Badaguishiri, saura ɗaya.

Ana haka sai Mubaraka, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ke koyar da Ingilishi a lakwal, wato makarantar boko, a Illela, ta zo hutu ta biyo gaishe shi. Ta ɗauki farin faifan ta karanta, ta yi ta latsa salularta, sannan ta miƙa masa. Bidiyon wani ƙaton Bature ne mai gemu a cikin daji, ya yi taku uku ya wurga faifai, faifan ya yi ta shawagi ya je ya bugi wasu sarƙoƙi ya faɗa kwandon ƙarfe. Jama'a suka hau tafi.

"Wasa ne, Kawu."

"Ina yaran?"

"Na manya ne."

"To in ya faɗa kwandon sai mi?"

"Sai ya ɗauko ya nufi kwando na gaba."

Tanimun ya daɗe yana kallo. Ya so ya tambayi wanda ke cinyewa, da kuma abin da ake ci, sai ya ga tambayoyin sun yi masa yawa, ya miƙa mata salularta.

Mubaraka ta ɗauki hoton faifan ta saka a wani zauren intanet na masu wannan wasa, don dai ta ji sunansa. Washegari da hantsi ta dawo tana haki. Saƙo ya fi ɗari biyu. Ashe kamfanin da ke yin irin wannan ya daina tun shekaru masu yawa, ita ma robar an bar haɗa ta. Wani ya ce nasa ya faɗa tafki, har yau yana mafarkinsa. Wani ya ce duk ruɗin kai ne, sabon da ake yi yanzu ɗaya suke. Na uku ya ce farin ne kaɗai ke tashi a miƙe, shuɗin irinsa ko kyauta ba ya so.

"Launi ke tashi ko roba?" in ji Tanimun.

"Ni ma ban sani ba, Kawu."

Suka shiga yi masa tambayoyi tana fassarawa. Yana da tauri? In an danna tsakiyarsa da babban yatsa yana dawowa? Yana da santsi ko yana kama hannu? Nan kam ya amsa ba gargada, don fanninsa ne. Amma da ya nemi afuwa kan cewa faifan ya ƙuje, sai suka hau murna. Wai sai ya sha karo da itatuwa yake daɗin jifa.

"Wato lalacewarsa ita ce gyaransa?"

"Haka suka ce."

Sai ya ce ta gaya musu da huɗu ne. Suka ce ina ukun? Akwai wata jarka da mai ita bai zo ɗauka ba, Mubaraka ta ɗauki hotonta, ga farin faci a gindi da rabin rubutun a jiki. Zauren ya rikice. Wasu suka yi ta jero fuskokin kuka. Wani ya rubuta cewa a kama wanda ya yi wannan aiki.

Tanimun ya ajiye ƙarfensa. "Ɗiyata, jandarma za su zo? Ni fa kyauta aka ba ni."

"Raha yake yi, Kawu."

Bai gamsu ba, kwana biyu yana ɗaga kai duk lokacin da mota ta tsaya. Wata mata kuma daga cikinsu ta ce ba a taɓa yin amfani da faifan nan yadda ya fi wannan ba, ya rasa wa zai gaskata.

Da la'asar shi da Badamasi suka fita fili su gwada. Badamasi ya wurga, faifan ya karkata hagu ya faɗa garken awakin mutane. Tanimun ya wurga, faifan ya faɗi a gabansa ya gangara kamar taya.

"Wanga suke kuka a kai?" in ji Badamasi.

Bayan wata biyu sai ga ƙunshi a tasha. Mutumin nan da nasa ya faɗa tafki ne ya aiko da sabon samfurin ta hannun wani matafiyi, yana roƙon mai liƙi ya raba gardama. Tanimun ya hura gawayi, ya ɗora ƙarfe a bakin sabon. Ya yi hayaƙi, ya yi ƙauri, ya tattare.

"An ƙara mata wani abu. Ba ɗaya ba ne."

Mubaraka ta saka amsarsa a zauren, shi kuwa ya ɗauka magana ta ƙare. Ina! Rabinsu suka ce dama sun faɗa. Rabi suka ce me mai gyaran bokiti ya sani game da iska. Wasu sababbi suka ɓullo suka ce taurin ma shi ake so a ƙasa mai zafi, aka buɗe wata gardamar.

Tsohon faifan dai Tanimun ya ba matafiyin ya kai wa mai mafarki, don ya ji tausayinsa. Da ya isa, mutumin ya aiko wa Mubaraka da hoto, ta nuna wa kawunta. Ashe ya sa faifan cikin gilashi ya rataye a bango.

"Bai jefa ba?"

"Ya ce yana tsoron ya ɓata."

"To mi ya yi ta nema shekara da shekaru?"

Mubaraka ta mayar da salularta cikin jaka. Ranar Lahadi ta koma Illela, lakwal ta buɗe. Shi kuwa har yanzu yana rumfarsa. Masu gwanjo sun ɗauke shi masani, duk wani baƙon abin roba da ya fito daga dila sai sun kawo masa kafin su sa kuɗi. Yakan juya, ya shinshina, ya faɗi irin robar. In suka tambayi amfanin abin, sai ya ce su dai ajiye shi tukuna, kada kowa ya yanka.