Fayil Ɗin Surukar Likita

Akwai wata Laraba da na yi ta ƙoƙarin mantawa da ita, ta ƙi mantuwa. Na yi ritaya, na aurar da 'ya'ya, gwiwoyina sun fara yi mini gardama, amma ita tana nan daram. Tunda kun matsa in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina, ku sababbin ma'aikatan jinya da kuke ganin kamar mu tsofaffi da iyawa aka haife mu, to ita zan ba ku. Ba labari ne mai daɗi ba, kuma ba ni ce gwanar cikinsa ba.

A lokacin ni ce babbar nas mai kula da ɗakin duba mama a wani asibiti a nan Tudun Wada, mataki ɗaya ya rage mini in zama metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Laraba ce ranarmu. Mace za ta yanki kati, a ɗauko fayil ɗinta a jera a teburina. Ni nake fara ganinta, in yi mata tambayoyi, in sa hannu in lalubi maman da hammata, in rubuta abin da na ji. Daga nan sai likita. Shi kaɗai ke da ikon sa hannu a takardar ɗaukar hoto da ta gwajin nama, wato a sa allura a tsakuro kaɗan daga cikin ƙullutun a kai a duba ko sankara ce. Wadda aka ba rana ba ta dawo ba, fayil ɗinta na shiga wani kwando a ofishin kati, duk ƙarshen wata a bi kwandon a kira su ɗaya bayan ɗaya a waya.

Likitoci biyu ke zaman ɗakin. Akwai Likita Hadiza, wadda mata suka fi so, akwai kuma Likita Nuhu, likitan tiyata, mutum mai saurin hannu da ƙarancin magana. A makon da nake ba ku labari, Likita Hadiza ta fara hutun haihuwa, sai ya rage shi kaɗai.

Wajen ƙarfe goma na safe Malama Asabe ta shigo, ita kaɗai, a keke napep ta zo. Duk unguwarmu babu wanda bai san ta ba. Gidansu gidan malamai ne tun kakanni, ita kuma matan aure take karantarwa a tsakar gidanta. Ni kaina a gabanta na gyara karatuna bayan na yi aure. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce in tashi, yau ita ce ɗaliba.

Da na duba, sai na ji ƙullutu a maman hagu, bai wuce girman goro ba, mai tauri, ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa. Hammata lafiya lau, babu kaluluwa.

Na ce, "Malama, yana miki ciwo?"

Ta ce, "Ai da yana ciwo da ban zo ba, Rakiya. Shirun nasa ne ban yarda da shi ba."

Hannuna ya gaya mini abin da yake, amma raina bai tashi sosai ba. Irin wannan ne muke roƙon Allah a kawo mana. A gwada, a cire, a bi da magani, mace ta koma cikin jikokinta. Na rubuta komai, na ɗora fayil ɗinta a kan layi, ita ce ta goma sha huɗu.

Tana gyara mayafi sai ƙofar ciki ta buɗe, Likita Nuhu ya ɗaga murya ya ce, "Sista, mai bi." Na ga Malama ta daskare. Ta ja mayafin ta rufe rabin fuska, ta koma bayan labule.

Ta ce a hankali, "Muryar wa nake ji? Ina likitar matan?"

Na ce ta haihu.

Ta ce, "Inna lillahi. Rakiya, wannan ai mijin yarinyar wajena ne."

Na sani sarai cewa Likita Nuhu yana auren 'yarta Zainab, har bikin na je, amma wallahi bai zo mini a rai ba sai da ta faɗa. Kun san surukuta a irin gidajen nan. Shekara goma sha ɗaya da auren, bai taɓa ganin ta tana cin abinci ba. In ya je gaisuwa, a bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, ta amsa daga cikin ɗaki. Ko sunansa ba ta faɗa.

Na ce, "Malama, larura ce."

Ta ce, "Ni za ki gaya wa hukuncin larura? Ni nake karantar da shi. Da wani namijin ne, zan runtse ido in buɗe, addini bai hana ni ba. Amma shi? In buɗe masa abin da matarsa ta sha?"

Na ce to, ba sai ya duba ta ba, zan kai masa takardar hoto kawai ya sa hannu, ko ya rubuta mata wasiƙar zuwa babban asibiti. Ta tambaye ni ko sunanta ba ya kan takardar. Na ce yana kai. Ta kama hannuna da hannu biyu, matar da ta koya mini karatu, ta ce, "Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Ko yarinyar ban gaya wa ba. Likitar matan ai za ta dawo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

A nan ne ya kamata in zama nas, sai na zama 'yar unguwa. Ban yi mata gardama ba. Gaskiyar da ta fi ci mini rai ita ce, a wannan lokacin har burge ni ta yi. Na ce a raina, ka ga matan da, masu alkunya. Na lissafa hutun Likita Hadiza, na rubuta mata rana bayan wata uku, na fitar da ita ta ƙofar baya. Shi kuma fayil ɗin, don kada ya koma ofishin kati idon likita ya faɗa a kansa, sai na zare shi daga layi na sa a durowar teburina na kulle. Da ya zo kan lambarta ya ce, "Ta goma sha huɗu fa?" Na ce ta gaji da jira ta tafi. Ya ce Allah ya kyauta, ya kira ta goma sha biyar.

Wata uku ya cika, Likita Hadiza ta haɗa da hutunta na shekara. Kafin ta dawo azumi ya kama. Na haɗu da Malama a wani gidan suna, na matsa kusa na yi mata raɗa, ta ce, "Bayan Salla, in Allah ya yarda." Bayan Salla aka mayar da ni ɗakin haihuwa don an rasa hannu a can, makullin durowa ya bi ni a jakata. Kwandon ofishin kati bai taɓa ganin fayil ɗinta ba, saboda haka babu wanda ya kira ta. A lissafin asibiti, ba a san ma akwai wata mai ƙullutu da ta zo ta tafi ba. Ni kaɗai na sani. Ta faɗo mini a rai sau biyu ko uku, na ce gobe zan biya. Tsakanin gidana da nata, tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Wata tara bayan waccan Larabar, ran wata Litinin da safe, aka aiko ɗakin haihuwa cewa Likita Nuhu yana nemana, in zo da fayil ɗin Asabe, don littafin ofishin kati ya nuna ni ce ta ƙarshe da ta karɓa. Tun daga baranda na ji warin. Ku da kuka yi aiki a ɗakin mata kun san shi, ba ya kama da komai. Shi ne ya tona asirin, don Zainab ta je gaida uwarta ta ji duk turaren wutar da ke ɗakin bai rufe shi ba, ta yaye mayafin da ƙarfi, ta kawo ta asibiti. Maman ya fashe, hannun hagu ya kumbura har yatsu, tana numfashi da ƙyar.

Babu wani likitan tiyata a ranar sai shi. Malama ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ya duba ta tsaf, kamar yadda zai duba kowa, ni ina riƙe da tire. Abin da ta gudu ɗin dai shi aka yi, sai dai yanzu babu abin da za a tsira da shi.

Da muka koma ofishinsa ya rufe ƙofa, ya buɗe fayil ɗin. Shafi ɗaya ne kawai a ciki.

Ya ce, "Rubutunki ne?"

Na ce nawa ne.

Ya karanta a fili, "Girman goro. Hammata lafiya." Ya dubi kwanan watan, ya ƙirga da yatsu a kan tebur. Na fara yi masa bayani, na ce ita ta roƙe ni, kunyarsa ta ji.

Ya ce, "Ita kunyata ta ji, na yarda. Ke fa, Sista Rakiya? Ke ma surukata ce?"



Ya ƙara da cewa, "Sau nawa kika tare ni a baranda da takardu goma na sa hannu ina tsaye? Na taɓa karanta suna? Da kin dafe sunan da babban yatsanki kin ce sa hannu nan, da na sa."

Wannan maganar ce ta kashe ni, don gaskiya ce. Kullum haka muke yi. Dabarar da nake yi don in tashi aiki da wuri, ban yi ta don ran Malama ba.

Gwaji ya tabbatar sankara ce, hoto ya nuna ta kai huhu. Ba a yi maganar tiyata ba. Aka tura ta babban asibiti ana ƙara mata magani ta jijiya, ya zubar mata da gashi, ya hana ta cin abinci, daga baya aka ce a mayar da ita gida a riƙa rage mata zafi. Ni na ɗauki wankin ciwon, kullum da safe kafin in tafi aiki. Yanzu na san hanyar gidan. Wata rana ina naɗa bandeji na kasa riƙe kaina, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Me kika yi? Amana na ba ki, kika riƙe. Saura kuma na Allah ne." Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Bayan wata huɗu ta rasu.

Ba a ba ni takardar tuhuma ba. Likita Nuhu bai kai ni gaban kowa ba, bai kuma gaya wa matarsa ba. Har na zama metiron, har na yi ritaya, bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake sa hannu a takardata ba sai ya karanta ta tun daga sama. A zaman makoki ina zaune ina jin mata suna yabonta. Wata ta ce, "Kun ga mace mai kunya, ciwo na cin ta amma ba ta buɗe wa kowa ba." Saura suka ce Allah ya sa mu yi koyi. Na tashi na fita tsakar gida.

A bangon ɗakinmu akwai takardu manya-manya da ke cewa mata su zo da wuri. In mace ta zo da mama a fashe, mukan taɓe baki mu ce jahilci ne, ko mu ɗora wa masu maganin gargajiya. Wannan ta fi mu ilimi, kuma da wuri ta zo, da ƙafarta, ba wanda ya turo ta. A teburina ta makara. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma da tsada na koya. Kuna tsoron nas mai tsawa, kuna cewa ita ke korar marasa lafiya. Ni ban taɓa yi wa kowa tsawa ba. Da ladabi na yi nawa, ina durƙuso, ina "to, Malama".

Don haka in babbar mace ta kama hannunku ta ce ku rufa mata asiri, ku rufa mata daga bakin mutane, wannan haƙƙinta ne. Amma kada fayil ya kwana a durowa, ko na uwarku ne. Ku nemo mata wani likitan, ku raka ta da ƙafarku in ta kama. Ta yi fushi da ku, ta daina amsa gaisuwarku, ta yi shekara ashirin tana ba da labarin rashin kunyarku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na san karin maganar nan tun ina yarinya, nauyin bakina ne ya hana ni faɗa mata.

Zainab tana nan a Gyallesu, 'ya'yanta sun girma. Duk Salla sai ta aiko mini da abinci. In muka haɗu a kasuwa takan riƙe ni ta ce wa wadda suke tare, "Wannan ita ta yi jinyar Innarmu har ƙarshe, ba mu da abin biyanta." Sai ta yi mini addu'a, Allah ya saka mini da abin da na yi wa uwarta. Ni kuma dole in ce amin.